Facin da Na Manta Na Yi wa Firintar Kawu

Ta buga fa. Takarda ta shiga fara fat, ta fito da rubutu layi bayan layi, babu harafi ɗaya da ya karkace. Na miƙe tsaye da takardar a hannu, da ɗuminta, ina juyawa ina neman wanda zan nuna wa. Ba kowa a shagon. Bayan saukowa daga Juma'a ne, Kawu ya wuce gida, duk layin an rufe sai mai rake can bakin titi. Shi na kai wa. Ya duba takardar, ya duba fuskata, ya ce Allah ya sa albarka, sannan ya tambaye ni ko in yanko maka na hamsin.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane abin da ya sa nake rawar jiki a kan takarda guda.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, yana da shagon buga takardu a Talata Mafara, kusa da kasuwa. Ni daga Maradun anka turo ni wurinsa bayan na gama sakandare, in riƙa taya shi bugun rubutu. A ƙarƙashin teburin shagon akwai wata babbar firinta da ya saya ta hannu, mai amfani da hoda, irin wadda take buga shafi ɗari ba ta gaji ba. Kafin ta zo hannunsa wani mai gyara ya taɓa canza mata fanel ɗin ciki, ya saka na wata iri. Saboda haka in an jona ta, sai ta gaya wa kwamfuta sunan da ba nata ba, kwamfuta kuma ta yi mata magana da yaren waccan, ita kuma ta yi ta aman takardu cike da zane-zanen banza. Masu gyara uku sunka gwada sunka bari. Kawu ya lulluɓe ta da tsohon zane, a kanta muke ajiye kwanon abinci, aiki kuma da wata ƙarama mai shan tawada muke lallaɓawa.

Ni ba wanda ya koya mini kwamfuta. A waya na karanta, da Turancina na sakandare, ina karanta shafi sau uku kafin ya shiga. A nan na ci karo da Linux, kuma ba kowane iri ba, irin wanda komai kai za ka gina da kanka. A yawancin kwamfutoci manhaja kamar tuwon sayarwa take zuwa, an gama an kwashe, naka ci kawai. Wanga kuwa hatsin ake ba ka, kai za ka surfa, ka niƙa, ka tuƙa. Hatsin shi ne rubutun tushe, wato umarnin da masu manhajar sunka rubuta da hannunsu. Kowace manhaja ƙunshi guda ce, kwamfutarka ta ɗauki rubutun ta harhaɗa shi ya zama abin da ke aiki. Daɗin abin, tunda rubutun yana hannunka, kana iya taɓa shi kafin a gina. Ka rubuta ɗan ƙaramin fayil mai cewa cire wanga layi, saka wanga. Shi ake kira faci, kamar dai na taya.

Da na roƙi Kawu ya bar ni in saka tsarin a kwamfutar shago, sai ya jefo mini tambaya.

"Za ta buga takardun mutane?"

"Za ta buga, Kawu. Har babbar ma ina ganin zan iya tada ta."

"In ka tada waccan," ya nuna ƙarƙashin tebur da ƙafa, "ga makulli. In an tashi aiki ka yi abin da ka ga dama da kwamfutar. Amma ranar Talata, ranar kasuwa, ban son jin labari."

Mako uku na yi ina tonon rubutun ƙunshin da ke kula da firinta, har na gano wurin da yake tambayar ta sunanta. Facin layi uku ne kacal: in ta ce ita wance ce, kar ka yarda, ka ɗauke ta a matsayin wance. Na ajiye shi a folda da tsarin ya tanada don haka, na sa wa foldar sunan ƙunshin da lambar fitowarsa, yadda na ga an yi a misalin da na karanta. Na gina, na tura wa firintar shafi. Wannan ce takardar da na kai wa mai rake.

Kawu ya cika alkawari. Washegari ya zaro makulli daga zoben nasa ya miƙo mini.

Shekara da wata biyu na yi da makullin nan. Ban san yadda zan kwatanta muku safiyoyin ba. Ina dawowa daga sallar asuba sai shago, kafin Kawu ya fito ina da awa biyu nawa ni kaɗai. In kunna, in zauna, rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo kamar ruwa a kwalbati, ni kuma ina kallo ina murmushi. Na yi wasu facin bayan wancan. Ɗaya don haruffanmu masu lanƙwasa su zauna kusa da yatsa, ɗaya don fankar kwamfutar ta tashi da wuri saboda zafin Mafara, da wasu biyu ƙanana. Duk wanda na gama sai in ji bakina ya cika da magana. Abokan ƙwallona in na fara bayani sai su ce to Injiniya, su koma hirar wasan jiya. Mahaifiyata in na je Maradun takan saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce dai kana cin abinci ko. A dandalin masu tsarin nan na intanet kuwa karatu kawai nake, ban taɓa rubuta ko kalma ba, ina jin kunyar Turancina.

Ranar wata Litinin cikin rani na ce bari in sabunta komai. Tsarin yana da ladabi, kafin ya gina yakan jero maka duk ƙunshin da zai taɓa, da tsohuwar lamba da sabuwa, sannan ya tambaye ka e ko a'a. Sittin da uku ya jero, duk da koren rubutu, duk kama ɗaya. Na karanta su daga sama har ƙasa kamar mai karanta sunayen 'yan ajinsu, har da na firinta a ciki, na wuce shi ban ji komai ba. Na ce e. Ya wuni yana gini a bayan fage muna aikinmu. Da yamma da ya gama na share tsofaffin, don faifan ajiyar kwamfutar ƙarami ne, kuma ni mutum ne mai son shara. Na rufe shago ina jin na yi abin kirki.

Abin da ban sani ba, foldar facina tana ɗauke da tsohuwar lamba. Sabon ƙunshin ya zo da wata lamba, ya duba bai ga folda mai sunansa ba, ya ginu abinsa yadda masu shi sunka rubuta. Bai yi gargaɗi ba, a wurinsa ba abin da ya ɓace.

Talata kasuwa ta cika tun hantsi. Mutanen Bakura da Damri da ƙauyukan Maradun duk ranar suke haɗa sayayya da aikin takarda. Na tura shafin farko, firinta ta ja takarda, ta fito da ita cike da zanen banza. Ta ja ta biyu. Ta ja ta uku. Na kashe ta na kunna. Kawu ya ɗago kai daga injin hoto.

"Mi ka yi mata?"

"Ban taɓa ta ba, Kawu."

Kuma har zuciyata haka na yarda. Na canza wayar da ke jona ta, na zaro hoda na girgiza, na ce ko zafi ne na sa mata fanka. Na ce fanel ɗin ne ya mutu gaba ɗaya. Tunanina bai je kan facin ba ko sau ɗaya. Ya daɗe yana aiki shiru har na daina ganinsa a matsayin abin da ni na ɗora, ya zame mini kamar da shi anka ƙera ta. Ƙaramar firintar kuwa tawadarta ta bushe tun bara, tunda ba mu ƙara waiwayarta ba.

Mutane sunka fara tsallaka titi. Akwai wani shagon a can gefen, na wani da ba sa ga maciji da Kawu tun wata rigimar rumfa. Kawu yana tsaye bakin ƙofa yana ba mutane haƙuri yana kallonsu suna tsallakawa ɗaya bayan ɗaya.

Mutum ɗaya ne bai tsallaka ba. Wani dattijo ne daga Dosara, ya san mahaifiyata tun tana yarinya, ya san kakana. Ya shigo wajen ƙarfe goma sha ɗaya, sunka gaisa da Kawu, gida da iyali da gajiya da zafi da labarin hanya, ya juyo kaina ya tambayi tsohuwa da kowa da kowa. Sannan ya zaro waya daga aljihu. Ɗiyarsa ta samu makarantar koyon jinya, takardar shiga tana cikin wayar, ana so ta kai ta a buge ranar Alhamis.

Kawu ya ce, "Baba, na'urar ta ɗan samu matsala. Ko ku tsallaka can a buga muku, kar ku makara."

"In tsallaka ina? Ga ɗanmu shina gyara. Ina jira."

Ya shimfiɗa buzunsa a gefen ƙofa ya zauna. Duk sa'ad da na ɗago sai mu haɗa ido, ya gyaɗa mini kai ya ce, "Yi a hankali, ɗana, ba sauri." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Anka yi azahar, ya tafi ya dawo ya zauna. Kawu ya sake roƙonsa, ya ce shi bai taɓa kai aikinsa gidan wani ba alhali ga na gida, ba kuma yau zai fara ba. Kowa a shagon ya san motar ƙarshe ta wajensu da la'asar take tashi, bayan nan ba direban da ke bin hanyar, saboda halin da ake ciki.

Da anka kira la'asar Kawu ya miƙa hannu ya ce, "Baba, kawo wayar." Ya gyara hularsa, ya tsallaka titi da kansa. Ina hango shi ta ƙofa, tsaye a layi a shagon mutumin da ya shekara biyar bai yi wa sallama ba. Kafin ya dawo da takardar mota ta tashi. Dattijon a zauren Kawu ya kwana.

Laraba da safe Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce, "Tahi Bakura wurin yayanka ka huta kwana biyu." Sannan ya buɗe tafin hannunsa. Na zaro makullin na saka masa.

Yayana makaniken injin ban ruwa ne. Rumfarsa tana bakin hanyar fadama, kuma lokacin noman rani ba ya samun sararin ko shan ruwa. Da ya gan ni da jaka ya ce, "A'a, Injiniya, an kore ka ne ko ritaya ka yi?" Na ajiye jakar. Ya nuna mini wani tsohon bokiti na kifa na zauna.

Haka na wuni ina kallonsa, ba abin da nake so in yi. Washegari da hantsi wani manomi daga Damri ya kawo inji a bayan babur, ya ce tun jiya ba ya jan ruwa, shinkafa na ƙonewa. Yaya bai ɗauki sifana ba. Ya tsuguna ya zagaya injin, ya goge laka da tsumma nan da can, har ya tsaya a kan wani ɗigon jan fenti a gefen murfin famfo. Ya ce wa manomin, "Ka kai shi wani wuri bayan ni?"

"Yaron gidanmu ya sayo sabuwar roba ya saka, ta kamfani ma."

"Shi ya sa. Bakin murfin nan a cinye yake, ta kamfani ba ta kama shi. Ni na yanka mishi tawa." Ya jawo wani tsohon tub na mota ya fara yanka.

Na ce, "Yaya, mene ne jan fentin?"

"Duk inda na saka abin da ba na kamfani ba, ina ɗiga mishi ja daga waje."

"Ba ka iya tunawa ne?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum. "Inji nawa ka ga ya shigo nan jiya kaɗai? Wanga tun kakar bara na taɓa shi. In na bari sai na kwance sannan in tuna, na riga na yi ɓarna. Kafin in kwance nike son in sani."

Ina zaune a kan bokitin nan layukan uku sunka dawo mini, har da sunan foldar da lambar da ke jikinta. Na ji kunya ta rufe ni, sannan wani daɗi ya biyo baya wanda ya sa na kasa zama. Na ce, "Yaya, faci ne. Facina ne bai hau ba." Na fara yi masa bayani da sauri, lamba da folda da jerin sittin da uku. Ya saurara yana yankan roba, ya ce, "To madalla. Miƙo min almakashin can."

A bayan wani tsohon littafin makaranta na rubuta wani ɗan umarni na kwamfuta a ranar, da biro, ina jingine da buhun taki. Ku ji yadda yake, don wallahi sauƙinsa ne ya fi burge ni. Kafin tsarin ya tambaye ka e ko a'a, ɗan umarnina zai karɓi jerin ya bi shi ɗaya bayan ɗaya. Kowane suna ya leƙa foldar faci, in babu komai ya wuce. In akwai faci kuma lamba ta dace, ya sa jan alama a gefen sunan, ya rubuta sunan facin da layi ɗaya na dalilin da ya sa na yi shi. In kuwa akwai faci amma lambar ta tsohon ce, ya tsaya cak, ya ƙi barin a gina komai sai na duba. Dalilin nan na layi ɗaya shi na fi daɗewa a kansa, don na gane ba kwamfutar ce ta manta ba, ni ne. Duka bai kai layi talatin ba.

Asabar na koma Mafara. Na gaida Kawu, na ce na gano, ina roƙon ya ba ni zuwa azahar. Ya matsa gefe. Na gyara sunan foldar, na duba layukan uku har yanzu suna dacewa da sabon rubutun, na sake gina ƙunshin guda ɗaya. Kafin a kira salla firinta ta buga tsaf. Na kwafe umarnin daga littafi, na gyara kuskure biyu, na kunna. Facin nawa sunka fito, biyar, kowanne da jan alama da dalilinsa.

"Kawu, ku zo ku gani. Yanzu ba zai sake faruwa ba. Kun ga jan nan? Kafin a gina komai zai nuna duk inda na taɓa."

Ya sanya tabarau ya sunkuya, ya daɗe yana duba allon. Shi ne mutum na farko da ya taɓa tsayawa ya kalli abin da na yi har haka.

"Ya yi kyau," ya ce. "In kana kwance ba lahiya ranar Talata, wa ke karanta shi?"

Ya cire tabarau ya ci gaba.

"In ka tahi makaranta, ko ka samu wani aiki? Duk garin nan wa zan kira?"

Babu. Shi ya sani, ni ma na sani, na fi kowa sani. Ya gaya mini ya riga ya yi magana da wani mai gyara, zai zo Litinin ya saka irin tsarin da kowa ke amfani da shi, kuma ya aika a sayo wata firintar daga Gusau. Aikina na bugun rubutu yana nan in ina so. Makulli bai ambace shi ba, ni ma ban tambaya ba.

Abu ɗaya ya yi mini. Ya ce wa mai gyaran kar ya goge komai, ya cire faifan ajiyar ya saka wani. Da yamma ya miƙo mini nawa a cikin baƙar leda. Yana cikin akwatina yanzu, tsakanin kayan sawa, da faci biyar da umarnin layi talatin, duk lafiyarsu lau, sai dai ba kwamfutar da zan jona su. Ina tara kuɗin tsohuwar laftof. Kawu yana buɗe shago ƙarfe takwas, ni kuma daga asuba zuwa lokacin ina zama a dakalin ƙofar gida.

A wata safiyar irin wannan na buga umarnin a waya, harafi bayan harafi, na tura dandalin nan da ban taɓa magana a ciki ba, da Turancina yadda yake. Mako biyar ke nan. Ba wanda ya ce komai tukuna.

Shi ya sa na rubuta wannan da harshenmu. In akwai wani a Gusau, ko Sakkwato, ko wani ƙauyen da ban sani ba, da ke gina manhaja daga tushe a kan tsohuwar kwamfuta, ina so in ji yadda yake gane inda ya taɓa kafin ya gina. A littafi kake rubutawa, ko kana da taka dabarar? Ka taɓa rasa faci ba ka sani ba, kuma me ya lalace a ranar? Ko da ba ka da amsa, ka ce mini dai kana nan.